Lawali Gwanzu, mai haɗa mana kwantena

Lawali Gwanzu ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni, bakwai da 'yan mintoci, ina cikin buɗe shago. Na ga lambar Chaina, na ɗauka da raha, na ce, "Mutumin Gangara, ya aka yi?" Sai na ji muryar da ba tasa ba. Sanusi ne, ɗan Maraɗi da suke ɗaki ɗaya a can. Ya ce, "Murtala, sai haƙuri. Lawali ya yanke jiki ya faɗi a sito. Kafin a isa asibiti Allah ya karɓi abinsa."

Na zauna kan wani tsohon injin ban ruwa da aka kawo gyara.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Lawali ɗan Gangara ne. Tare muka yi sakandare a Isa, benci ɗaya. Shekara takwas ke nan yana birnin Gwanzu na ƙasar Chaina, har sunan garin ya liƙe masa.

Shi ke haɗa mana kwantena.

Mu ƙananan 'yan kasuwa ba mu da ƙarfin cika kwantena mu kaɗai. Ni kayan gyaran injin ban ruwa nake sayarwa a nan Sabon Birni, abin da nake buƙata bai wuce kwali shida ko bakwai ba. Wani nasa biyu ne, wata nata ɗaya. Lawali ke tara mu. Ya auna kwalin kowa, ya rubuta masa alamarsa da baƙar maka, kowa ya biya gwargwadon wurin da kayansa suka ci, a loda mu gaba ɗaya a bi ruwa zuwa Legas. Wata biyu in an yi sa'a.

Bai taɓa raina kwali ɗaya ba. Akwai wata baiwar Allah mai ɗinki a Isa da ba ta wuce odar zif da allura da maɓalli. Wasu ejan ko amsa mata saƙo ba su yi. Lawali kuwa sai ya je da kansa ya zaɓo mata kala-kala, ya ɗauki hoto ya turo, ya ce, "Hajiya, wanga ya yi ko a canza?"

In kwali ya rage fili, maimakon ya cusa takarda, safar yara yake cusawa. Da yawanku kun buɗe kayanku kun tarar da safa, kuka yi ta tambayar ta wace ce. Tasa ce. Ya ce a ba yaran da aka gani ba su da ita.

Farkon odata na yi kuskuren lambar wata 'yar roba da ke cikin famfo. Ban san sunanta ba, sai na ɗora tsohuwar kan takarda na zana da biro na tura masa hoto. Ya shiga bas ya yi tafiyar awa biyu zuwa wata kasuwar, yana nuna wa mutane zanen nan har ya samo. Kan robar da ba ta kai girman tafin hannu ba.

Lokacin da aka katse mana netwok a yankin nan, sai na hau tudun bayan gari in kama layin Nijar. Duk ranar da na hau, na kan tarar da saƙonninsa sun taru. Kafin ya ce komai kan kaya sai ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa, "Inna ta ci abinci? An kwana lahiya cikin gari?"

Rabon da in gan shi ido da ido tun ranar da na raka shi tashar Isa ya shiga motar Sakkwato. Matarsa Saratu na da tsohon ciki a lokacin. Ya leƙo ta taga ya ce, "Shekara biyu ta, Murtala. In na haɗa jari za ni dawo." Yarinyar da aka haifa, Hauwa'u, yanzu tana aji biyu. A waya kaɗai ta san babanta.

Akwai abin da ke cina tun safe, kuma sai na faɗe shi.

Bara kwantenarmu ta maƙale a tashar jirgin ruwa ta Legas. Wani daga cikinmu ya ɓoye magunguna cikin kwalin da ya ce takalma ne. Da kwastan suka buɗe suka gani, sai aka riƙe kwantenar baki ɗaya. Haka abin yake, in mutum ɗaya ya ɓata, kowa ya shiga. Mu sama da talatin, wata biyar muna jira.

Kun san yadda muke a nan. Gonakin nesa sun gagare mu saboda 'yan bindiga, 'yar fadamar da ke bakin gari ce kaɗai mutane ke iya zuwa su dawo. An dasa albasa, injuna suka fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya, kayan gyaran kuma suna kulle a Legas. Manoma su zo shagona su tsaya, in ce musu gobe, in ce musu jibi. Ina kallo albasar mutane ta bushe.

Guruf ɗinmu na waya ya kama da wuta. Babu irin maganar da ba a faɗa wa Lawali ba. Shi dai amsarsa ɗaya ce: "Laihina ne. Kwalin ya zo a makare, a liƙe, na yarda da mai shi ban buɗe ba."

Ni ma na faɗa masa tawa. Na tura masa saƙon murya cikin fushi, na ce, "Kai kana can kana cin shinkafa da tsinke, mu muna nan muna ƙonewa. Ka manta yadda gida yake."

Bai amsa ba sai washegari. Ya kira ni ta bidiyo ya ce, "Tsaya in gwada maka daɗin da nike ci."

Ya juya wayar. Katifa biyu a ƙasa, buta, tukunyar lantarki, da igiyar shanya. Taga ɗaya ce, ita ma an toshe ta da kwali.

Ya ce, "Murtala, bizata ta ƙare tun shekarar da na zo. Fasfo ma ya mutu. Daga ɗakin ga sai sito, daga sito sai ɗakin ga. Ba ni shiga jirgin ƙasa, sai da takarda. Juma'a ma na daina zuwa, don a hanyar ake tsaida mutane a duba. In an ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarhi, sai in ɗauka an zo kama ni."

Robar famfon nan ce ta faɗo mini a rai. Ashe ranar da ya shiga bas saboda ni, kasada ya yi da kansa.

Na ce, "To ka dawo gida mana."

Ya ce, "In na kai kaina ga hukuma, sai an tsare ni, a ci ni tara, a koro ni, kuma ba ni sake shigowa. Wannan duk mai sauƙi ne. In na dawo in yi mi? Gonar Baba na hannun mutanen daji. Gangara ko kwana ba a yi da ido biyu ruhe. Inna da Saratu da Hauwa'u suna ɗaki guda a Sabon Birni, kwantenar ga ke ci da su. Nan ba ni da wurin zama, can ba ni da wurin tsayawa."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Haba, ai gara kai da ka faɗa mini a fuska. Na yahe."

Ya roƙe ni kada Inna ta ji. Na riƙe masa amana har yau. Yanzu babu sauran abin da za a ɓoye.

A kiran nan ne na fara lura ƙafarsa ta kumbura. Ya ce tsayuwa ce. Daga baya Sanusi ya gaya mini ya daɗe yana fama, fitsari ba ya fita sosai, in ya hau bene sai ya zauna ya huta. Asibiti kuma yana tsoron a ce ya kawo fasfo. Sai dai ya sayi magani a kemis ya sha.

Kwana goma sha biyu ke nan da muka yi magana ta ƙarshe. Hantsi ne a nan, can la'asar. Yana cikin sito ana lodi, da tef ɗin awo rataye a wuyansa. Fuskarsa ta yi suntum, amma yana ta dariya. Ya ce wannan karon kowane kwali sai da ya yanka ya duba da idonsa, har na Hajiya mai zif.

Sai ya koma gefe ya rage murya. Ya ce, "Na yanke shawara. Wagga ita ce ta ƙarshe. Za ni kai kaina. Ko a gidan yari ne, likita zai duba ni, daga nan su sa ni jirgi. Na gaji, Murtala. Ina son in ga ɗiyata tana tahiya a ƙasa, ba cikin waya ba."

Na ce, "Alhamdulillahi. Gobe ka tafi."

Ya ce a'a. Sai kwantenar ta isa Legas ta fita lafiya, kowa ya karɓi kayansa. In suka tsare shi za su karɓe waya, in wata matsala ta taso kan takardu babu mai amsawa.

Na ce, "Wata biyu fa ke nan. Ka bar wa Sanusi ya kula."

Ya ce, "Ba ni so a sake cewa na watsar da kayan mutane."

Wallahi maganar nan har yanzu ba ta bar ni ba. Ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe. Amma da ba mu yi masa abin da muka yi masa bara ba, da wataƙila ya tafi tun ranar. Allah ne masani. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, amma zuciya ba ta daina tambaya.

Kafin ya kashe wayar ya ce akwai kwali uku nasa da ya sa ƙarƙashin alamata. Keken ɗinki na Saratu, bargo na Inna, da jakar makaranta da takalmi na Hauwa'u. Ni na auna masa ƙafarta da zare watan jiya. Ya ce ya ƙara lamba ɗaya, don kafin jirgi ya iso ta ƙara girma.

Yanzu haka kayan suna kan teku.

Da na tashi daga kan injin nan, na biya na ɗauki Baffa Garba, ƙanen mahaifinsa, muka tafi wurin Inna. Muka same ta a ƙofar ɗaki tana tsintar wake a faifai. Ta dube ni, ta dubi Baffa, ta ajiye faifan.

Ta ce, "Lawali na?"

Baffa ya ce, "Sai haƙuri, Yaya."

Saratu ta fito daga ɗaki ta durƙushe a wurin. Hauwa'u tana makaranta, har yanzu da nake rubutun nan ba a gaya mata ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana salati a hankali, sannan ta ce, "An yi mishi sutura? Wa ya yi mishi wanka?"

Na kira Sanusi a gabanta, na buɗe murya kowa ya ji. Ya ce gawar tana ɗakin ajiya na asibiti. Ba za a ba su ba sai an kawo takardar da ta tabbatar da ko shi wane ne, tunda fasfonsa ya mutu. 'Yan uwa Hausawa na can sun fara zirga-zirga. Zai iya ɗaukar mako, zai iya ɗaukar wata. Kawo shi gida kam ba a ma maganarsa. Fatansu a ba su shi su kai shi maƙabartar Musulmi ta can.

Inna ta miƙo hannu na ba ta wayar. Ta riƙe ta da hannu biyu kusa da bakinta, ta ce, "Ɗana, ka ce musu ni na haihe shi. Sunanshi Lawali, ubanshi Arzika, garinsu Gangara. Wace takarda suke so da ta hi wannan?"

Sanusi ya fashe da kuka. A nan ni ma na kasa.

Ku da kuke da kaya cikin kwantenar nan, don girman Allah kada kowa ya kira Saratu. Sanusi ya ce Lawali ya bar komai a rubuce, alama da sunan kowa. Ni za ni tsaya a kai daga nan har kowa ya karɓi nasa. Ku ba gidan nan lokaci.

Waɗanda suka faɗa masa magana bara, irina, ba sai kun rubuto mini komai ba. Ku ɗaga hannu kawai ku roƙa masa.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ɗan Arzika. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara. Ka sassauta zukatan waɗanda takardarsa ke hannunsu, a sake shi a yi masa wanka da salla kamar kowane Musulmi. Ka ba Inna da Saratu juriya, ka raya Hauwa'u cikin albarka. Ka buɗe mana hanyoyinmu da gonakinmu, don kada wani ɗanmu ya sake zaɓar ɓuya a ƙasar wasu saboda gida ya gagara.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ina roƙonka ka sa shi cikin sujadarka ta yau. Ka roƙa masa gafara, ka kuma roƙa a samu a rufe shi da wuri.

Allahumma amin.