Yatsun Baba da Kiɗan Turawa

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Kazaure, wani abokina da muke ɗaki ɗaya ya cusa mini wani kiɗa da Turawa ke kira progressive metal. Ranar farko da ya saka mini a kunne, cewa na yi, "Wannan ai injin niƙa ne ya lalace." Ya ce in daure in kai ƙarshe. To ina ƙarshen? Waƙa ɗaya sai ka ɗora ruwan shayi ya tafasa, ka sha, tana nan tana tafiya.

Takan fara da jita a hankali kamar mai lallashin jariri, can sai ganguna su rufto kamar ƙanƙara a kan rufin kwano. Abin da ya kama ni shi ne kiɗan ba ya bin hanyar da kake zato. Kana gyaɗa kai ka ce ka kama shi, sai ya zame ya bar ka. Akwai wasu 'yan Sweden da mawaƙinsu zai yi ta rerawa da murya mai taushi, kwatsam ya koma gurnani. Akwai kuma wasu 'yan Amurka da mai gangarsu kai ka ce hannu huɗu gare shi. Kafin mu gama makaranta na fi abokin nawa zaƙewa. A gida kuwa, in an gan ni da iyafis a kunne, ɗauka ake wa'azi nake ji. Ni ma ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba.

Mahaifina makaɗin gangar noma ne a ƙuruciyarsa, a ƙauyukan Roni. An ce in ya rataya ganga a wurin gayya, samari sai sun gama gonar mutum rana ba ta yi tsaka ba. Ni ban taɓa gani ba. Tun ina goye ya sauke farali, ya dawo ya ajiye ganga, ya koma sayar da hatsi a kasuwar Babura. A gidanmu ba a zancen. Yaro ya taɓa yi mini gori da "ɗan makaɗi", na zo gida ina kuka, Baba ya ce kawai, "Je ka wanke fuskarka."

Ina aiki a Kano aka kira ni cewa ya faɗi a bakin rumfarsa. Hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai wani ɗan sauti da yake yi a maƙogwaro. Ni ne babba, sai na ajiye aikin na dawo Roni. Ni nake ɗaga shi, ni nake yi masa wanka, ni nake kai shi asibiti a Kazaure ana gasa masa jiki. Mutumin da yake ɗaga buhun gero shi kaɗai, ga shi a hannuna kamar ƙullin kaya.

Bazara ce. Bayan azahar nakan shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, in zauna gefensa in toshe kunnena. A lokacin nan kiɗan nan ne kaɗai yake da nauyin abin da ke ƙirjina. Wata rana na yunƙura zan kore masa ƙuda, igiyar iyafis ta fizge, waya ta saki kiɗan a fili. Na yi wuf zan kashe, sai na ji ya yi sautin nan nasa. Na duba, yatsun hannunsa na hagu suna bugun tabarma.

"Baba, in bar shi ya ci gaba?" Ya lumshe ido alamar e.

Daga ranar ya zama mana sirri. In mahaifiyata ta shiga madafa, sai in saka masa kunne ɗaya, ni ɗaya. Bai damu da jita ba, gurnanin mawaƙin ma yamutsa fuska yake sa shi. Gangar yake bi. Akwai wani wuri a tsakiyar wata waƙa inda bugun ke sauya taku, kullum a nan yatsunsa ke harɗewa. Sai ya haɗe rai, ya ɗaga yatsa, in mayar masa baya. Haka muka yi ta yi. Tun da ya kwanta ban ga abin da ya sa masa zuciya irin wannan ba, har abinci ya ƙara ci.

Ranar da ya kama wurin, ya wuce shi sumul ba tuntuɓe, na ce, "Kai, Baba!" Ina dariya. Shi kuma ya juya ido ya kalli hannunsa na dama, wanda da shi ake riƙe sandar kiɗa, yana yashe a kan tabarma. Ya daɗe yana kallonsa. Sai hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shige kunne.

A haka mahaifiyata ta fito da kwanon kunu ta same mu. Ta zare abin daga kunnensa ta kara a nata, ta yi saurin jefarwa.

"Innalillahi. Kai, me kake sa masa?"

"Inna, shi yake so. Ki dubi hannunsa."

"Bawan Allah yana kwance, rai a hannun Ubangiji, shi ne za ka cika masa kunne da wannan? Abin da ya bari don Allah, ya toshe kunnensa shekara da shekaru, kai za ka dawo masa da shi yanzu da ba shi da bakin cewa a'a? Ka ga kuka ka sa shi."

Ta ce in dai ita ta haife ni, kada ta sake gani. Ban sake ba. Na koma saka masa karatun Alƙur'ani, yana saurare a natse, wani lokaci leɓensa na motsi. Amma in na zauna kusa da shi yakan kalli aljihuna, ni kuma in kalli wani wajen. Yatsun ba su ƙara bugun tabarma ba. Farkon damina, ranar wata Juma'a da hantsi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan mahaifiyata ta fita takaba, muna zaune tana tsince wake, ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Na ga hannun nasa ranar nan. Na daɗe a tsaye kafin in yi magana." Ta cire wata tsakuwa ta jefar. "A wurin gayya na fara ganinsa, a gonar kawuna. Yatsun nan na fara gani kafin fuskarsa." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ba ta sake ɗauko zancen ba har ita ma ta bi shi.

Har yau ina jin wannan kiɗan, ko da yake yanzu furfura ta fara, yarana suna yi mini dariya wai Baba na jin hayaniya. Ba na ganin laifin mahaifiyata ko kaɗan. Lahirar mijinta take tsare masa, kuma ta fi ni saninsa. Abin da na kasa warwarewa shi ne hawayen nan. Wata rana in ce daɗi ne, ya samu abin da ya rasa. Wata rana in ce tsohon ciwo na fama masa, ga shi ba damar ya ce in bari. Mutum ɗaya ne ya san amsar, kuma ko lokacin da yake kwance a gabana ba shi da bakin faɗa mini.

Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.