Randar da Na Yi wa Fenti

Inna maginiyar tukwane ce, haka uwarta, haka kakarta. Yumɓu daga kwarin da ke bayan Filinge take ɗebowa, ta kwaɓa shi da ƙaiƙayin gero. Randar da ke ƙarƙashin rumfarmu ita ce ta ƙarshe da ta gina kafin sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu. Ko a tsakiyar bazara ruwanta sai ya kama maka haƙori.

Shekarar da na dawo daga Yamai da takardar koyar da kimiyya, kaina ya yi girma, komai na gidanmu gani nake yana bukatar gyara. Na dubi randar nan, kullum jikinta a jiƙe, gindinta duk gansakuka, na yanke cewa yoyo take yi. Ranar kasuwa, Inna na fita, na juye ruwan, na shanya ta, na shafe ta da shuɗin fentin mai har sau biyu. Ina ta jin daɗi, wai na yi abin kirki.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana shafa jikin randar da tafin hannu.

"Ɗan nan, ka tushe mata numfashi," in ji ta. "In ba ta yi zuhwa ba, da mi za ta sanyaya ruwa?"

Nan take na gane, kuma kunya ta rufe ni. Darasin da na ci jarrabawa a kai ke nan: ruwan da ke tsattsafowa ta ƙananan ƙofofi ya bi iska, shi ke tafiya da zafi. Na san shi a allo da alli, na kasa gane shi a tsakar gidanmu. Matan gidanmu sun san shi a hannu tun kafin a gina lakkwal, wato makarantar boko, a ƙasarmu ta Kurfai.

Na kankare fentin da wuƙa, na goge da yashi, amma ya riga ya shige cikin ƙasar. Inna ta gwada gina wata. Kwana uku tana fama, bakin ya ƙi tsayuwa, ta ture yumɓun gefe. Na sayo sabuwa a kasuwa, ta ba maƙwabciya. Shekara shida tana shan ruwan ɗumi, duk baƙon da ya zo ta nuna masa ta ce ɗanta ne ya yi mata ado. Wannan ya fi zagi ciwo a wurina.

A ciwonta na ƙarshe, cikin bazara, ta nemi ruwan sanyi. Na kawo na ƙanƙara, ta kau da kai, ta ce na randarta take so. Na ɗebo a moɗa, ina jin ɗuminsa a hannuna, na tallabi kanta ta sha.

"Ya yi sanyi, ɗan nan," in ji ta. "Ƙara mini."