Girman Kan da Ya Raba Ni da Kamiyona a Sabha

A shekarun da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, ni direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, tsakanin Agadas da Sabha, matashi mai ji da kansa. Mu direbobi muna da wata banzar al'ada: ba ka sauka ka tsuguna a fili fasinja na kallonka. Sai ka matse har ka iso. Ga busasshen burodi da kifin gwangwani, ruwa kuma ana tattalinsa. Wata tafiya na iso ɗakinmu a unguwar Abdulkafi ta Sabha, cikina ya ɗaure tamau kamar ganga, kwana biyar ba bayan gida.

Mai farmasi, wani dattijo Balarabe, ya ba ni maganin gilisarin, ɗan dogo kamar ƙwallon dabino. Ya ce ba haɗiya ake ba, in jiƙa kansa da ruwa, in kwanta ta gefe in cusa ta dubura, in jira kaɗan. Raina ya ɓaci. Na ce masa ni namiji ne, ya je ya ba yara. Na koma na ɗirka wa cikina kanwa da ganyen filasko, abin da ya ƙaru sai murɗa da gumi. Mudir, mai motar, ya aiko cewa jibi za a tashi da kaya, in ban iya ba zai ba wani. Na ce ras nake, alhali ko tuƙa keke ba zan iya ba. Ranar tafiya na kasa hawa mota, a gabana ya miƙa wa wani makulli.

A kwana na tara na koma farmasi kaina a ƙasa, na karɓi maganin. Na yi yadda dattijon ya ce, kafin rabin awa Allah ya kawo sauƙi. Abokan ɗaki suka gano, suka yi ta yi mini dariya har a tasha. Su yi! Na gaya musu a cikina ciwon yake, kuma gobe ma in ta kama zan sa.

Abin da nake nadama shi ne kwana huɗun da na ɓata ina gardama. 'Yan'uwa matafiya, ku sha ruwa, ku sauka in ta matsa, in kuma kun ga jini ko amai ku nufi likita. Ni dai maganin da na raina bai rage ni da komai ba. Kamiyon kuwa har na bar Sabha ban sake riƙe sitiyarinsa ba.