Bugun Tanti a Madinat Nasr

Abokin zamana a Alƙahira ɗan masu bugun shadda ne daga Kano, kuma gadon nan nasa shi ya raba mu da gida mafi daɗi da na taɓa zama a Masar. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Muna shekara ta uku a jami'a muka samu gidan, da ƙyar, a Madinat Nasr. Ga iska, ruwa ba ya yankewa, ana sauka sai mota. Mai gidan dattijuwa ce Bamisira mai fama da ciwon kai, kuma ɗakinta yana ƙarƙashin namu daidai. Ranar da ta miƙa mana makulli ta ce sharaɗinta ɗaya ne, ba ta son hayaniya. Ɗaliban da suka riga mu jan kujera kawai ya kore su. Ni tun daga matakala nake cire takalmi.

Ana haka sai ga abokin zaman nawa da wani naɗi a kafaɗa, fari fat, wai a wani wurin gini aka ba shi. Irin abin nan ne da ake lulluɓe bango da shi don kada danshi ya shiga, shi ba takarda ba, shi ba leda ba. Wai tanti zai ɗinka mana mu je Fayum mu kwana a bakin tafki bayan jarrabawa. Na ce ni ban baro katifar gidanmu don in zo Masar in kwana a ƙasa ba. Ko kallona bai yi ba.

Matsalar abin ƙara. Da ka taɓa shi sai ya hau kwaramniya kamar ana murza buhun siminti. Wani abokinmu ɗan Sudan ya ce abu mai sauƙi, a jefa shi a injin wanki da ruwan sanyi, ban da sabulu, a bar shi ya yi ta juyawa, zai fito kamar tsohon zane. Injin kuwa muna da shi, yana nan a banɗaki yana kallonmu. Amma ina! Gogan naka ya ce inji bai san darajar kaya ba, a gidansu da hannu ake ladabtar da yadi. Na ce ai bugu sheƙi yake sa wa shadda, ba laushi ba. Ya ce ni ɗan malamai me na sani.

Ya samo guntun katako, ya ɗauke mana taɓaryar dakan yaji. Sai ya guntsi ruwa ya fesa, ya ninke abin tsaf yadda ake ninke babbar riga, ya hau bugu. Dabararsa wai ranar Juma'a dattijuwar tana zuwa gidan 'yarta, don haka ranar Juma'a kaɗai zai yi. Ta farko mun sha. Ta biyu ashe ba ta fita ba, tana kwance kanta yana sara.

Ni ina lungu da littafi ina haddar jarrabawar baka, shi kuwa hannu ya tuna gida. Tim, tim, tim, har da kaɗa kai. Na ce ya sassauta, ya ce yanzu ma aikin ya fara kyau. Sai muka ji ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, ga ta tsaye, ta ɗaure kai tamau da gyale, tana haki saboda hawa.

Duk Larabcin da na kwashe shekaru ina karantawa, ma'alish, wato a yi haƙuri, kaɗai ya rage a bakina, na yi ta jera mata shi. Shi kuwa, don Allah ku ji ƙarfin hali, sai ya miƙo mata abin wai ta taɓa ta ji laushi. Ta kuwa taɓa. Ta murza, ta dube shi, ta tambaye shi injin wankin da ta ajiye mana na mene ne. Sannan ta juyo gare ni, ni da ko taɓaryar ban riƙe ba.

"Khalas, shi ke nan," in ji ta. "Ƙarshen wata ku ba ni makullina."

Lokacin jarrabawa ba a samun ɗaki. Muka zaga har ƙafa ta gaji. Daga ƙarshe wasu 'yan uwa a Abbasiya suka ce ɗakunansu sun cika, amma akwai saman bene in za mu iya. Nan muka kwashi littattafai da tukwane muka hau. Mutumin ya ɗinke tantinsa, ya kafa shi tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya.

Da la'asar iska ta taso, tantin ya yi ta kaɗawa a kanmu. Ya taɓo ni, fuskarsa cike da murna.

"Ka ji wata ƙara?"

Wallahi ban ji ba, kuma shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Na juya masa baya na buɗe littafina. A cikin tantin nan na yi karatun jarrabawar gaba ɗaya. Fayum kuwa har na bar Masar ban taka ta ba.