Kwamfutar da Ba Ta Kwana a Bencin Baba Dakata Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata yake buɗe ɗakinsa, ɗan ɗakin nan da ke ƙarƙashin matattakalar bene, tsakanin ofishin jarrabawa da inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Ko shayinsa ba ya kurɓa sai ya kunna kwamfutocin da ke kan bencinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ja kujera, ya zuba musu ido kamar mai gadin da ya ga baƙuwar fuska a bakin ƙofa. Daga nan zai ɗauko wani littafi mai baƙin bango, ya bi layi-layi yana duba manhajojin da ya cire jiya, ko akwai wadda ta lallaɓo ta dawo. Sau da yawa kuwa akwai. In ya kama ɗaya sai ka ji ya yi tsaki, ya ce, "Ke kuma wa ya kira ki?"

Shekara ashirin da biyu ke nan yana aikin gyaran kwamfuta a makarantarmu, ƙarshen wannan watan zai ajiye aiki. Sunansa na yanka ma'aikata ƙalilan ne suka riƙe. Baba Dakata kowa ke ce masa, saboda ba ya iya ganin yatsan mutum ya nufi linzamin kwamfuta bai ce "dakata" ba. Allo ya nuno wani saƙo, kai kana sauri, hannunka ya tafi kan babban maɓallin nan mai shuɗi, sai ka ji murya a bayan kunnenka: "Dakata. Ka karanta? Me ka yarda da shi?"

Dokarsa ɗaya ce, kuma ba ya sassauta ta. Duk kwamfutar da aka sayo sabuwa sai ta kwana uku a bencinsa kafin ta hau teburin kowa. A kwana ukun nan yake yi mata tankaɗe da rairaya. Wasannin kati, waje. Manhajar da ke ba mu labarin ruwan sama a garin da ko sunansa ba mu taɓa ji ba, waje. Tallace-tallacen da ake cusawa a cikin jerin manhajoji, da wata mai surutu da ke nacin sai an yi hira da ita, da mai kwashe fayiloli ta kai rumbun intanet, duk waje. Waɗanda suka ƙi fita, don akwai masu taurin kai da babbar manhajar ba ta yarda a taɓa su, sai ya ɗaure musu baki ya rubuta sunansu a littafi. In ya gama ya manna koren salatif a gefen kwamfutar, ya sa kwanan wata da biro.

Mun yi masa dariya, ba za mu ɓoye ba. Malamin lissafi ya taɓa cewa in Baba Dakata ya sayi burodi sai ya karanta bayan ledar kafin ya ci. Shi ko a jikinsa. Amsarsa kullum ita ce, "Na sayi na'ura don ta yi min rubutu, na buɗe na tarar da baƙi talatin a ciki, ba ni na gayyace su ba. In tambaye su abin da ya kawo su shi ne laifi?" Kuma malamin lissafin nan shi ne ya fara rugawa ɗan ɗakin, gumi sharkaf, ranar da kwamfutarsa ta ga dama ta kashe kanta don sabuntawa yana tsakiyar rubuta gwajin aji uku, ta bar shi da wata ƙawanya tana juyawa a allo har aka tashi. Abin da ya fi ƙona wa Baba rai shi ne saƙonnin da ba su da "a'a". Ga "Ci gaba" ƙato a tsakiya, ga "Tuna min nan da kwana uku" ɗan mitsitsi a lungu. Yakan ce bai taɓa ganin mai neman izini da ba a iya ce masa a'a ba, sai a cikin akwatin nan.

Kai ne mai zargin na'ura, Baba, wanda bai taɓa kallon mutum da wannan idon ba. Ba mu gane bambancin ba sai a zangon karatun da ya wuce.

Saura kwana huɗu 'yan ajin ƙarshe su fara jarrabawa, malamar kimiyya ta ƙwace waya a hannun wata ɗaliba, ta ga tambayoyin jarrabawarta a ciki, daga ta farko har ta ƙarshe. Kafin azahar makaranta ta ɗauka. Tambayoyin nan kuwa hannu ɗaya suke bi, hannun sakatariyar ofishin jarrabawa, wadda ta yi shekara goma sha tara tana buga su, kwamfutarta na cikin ofis mai makulli biyu. Nan da nan aka tuna cewa 'yar yayarta tana ajin ƙarshe. Wani ya tuna ta sake waya kwanan nan. Wata ta ce dama shirun nan nata ya yi yawa. Mutanen da ta shekara tana buga wa takardu ba ko sisi suka koma yi mata kallon gefen ido, in ta shigo ɗakin malamai hira ta mutu.

Da aka kwana Shugabar makaranta ta kafa kwamiti, ta sa Mataimakinta ya jagorance shi, aka ce wa sakatariya ta ba da makulli ta jira a gida zuwa jibi. Kowa ya san abin da jibin ke nufi: kora, da sunan mai sayar da jarrabawa a bayanta.

Kafin ta tafi ta leƙa ɗakin Baba. Ba ta yi kuka ba.

"Yaya, wallahi ban taɓa ba."

"Zauna, ƙanwata."

"Ba aikin ne ya fi damuna ba. Mahaifina shekara talatin ya yi yana koyarwa, yanzu ga shi kwance, ido ya tafi. Jiya wani maƙwabci ya je gaishe shi ya fesa masa. Tun lokacin bai ce min komai ba, ya dai juya fuska bango."

Baba ya ce, "Kwamfutar da ke teburinki, wace ce?"

"Sabuwar da aka kawo watan jiya."

Ya buɗe baƙin littafinsa, ya bi watan jiya da yatsa, ya koma wanda ya gabace shi. Babu ita. A lokacin ya tuna. Ranar da aka kawo ta, Mataimaki ya ce jarrabawa ta matso, babu lokacin wannan kwana ukun nasa, ya sa aka wuce da kwalin ofishin jarrabawa kai tsaye. Baba ya yi gunaguni, sannan ya ƙyale. Ya ce a ransa zai bi ta daga baya, aiki ya sha kansa, ya manta.

Washegari ya karɓo makulli a wajen Shugaba, ya shiga ofishin. Gefen kwamfutar fes, babu koren salatif. Baƙin nan talatin suna nan cif, har da mai kwashe fayiloli, kuma a kunne take. Duk abin da aka ajiye a kwamfutar tana ɗauka ta kai rumbun intanet ba tare da ta ce uffan ba. Ya duba da imel ɗin wa aka buɗe ta. Na Mataimaki ne. Ya duba ranar da aka kunna ta, ya je ya ɗauko rajistar zuwa aiki: ranar sakatariya tana asibiti da mahaifinta.

Baba, kai ne ba ka ruga ɗakin malamai da labari ba, alhali da ka yi, da ranar an ɗaga ka sama. Ofishin Mataimaki ka nufa, ka rufe ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ranar da aka kunna sabuwar kwamfutar, ta nemi imel?"

"Ta ƙi wucewa sai da shi, na sa nawa. Me ya faru?"

"Bayan nan ta nuno wani saƙo?"

"Saƙonni dai, na yi ta danna ci gaba. Wa ke da lokacin karanta waɗannan?"

"Wayar 'yarka da ke ajin ƙarshe, da wane imel aka buɗe mata ita?"

Mataimaki ya ajiye biron da ke hannunsa. Ya ce, "Baba, wata huɗu ya rage maka. Ka bar kwamiti ya yi aikinsa."

"Ranka ya daɗe, ban ce ka sayar da komai ba. Sauri ka yi, ni kuma na yi sake. Amma baiwar Allah nan ba ta yi ko ɗaya ba. Gobe ka faɗa da bakinka, ya fi mana duka."

Washegari kwamiti ya zauna. Aka kira sakatariya, aka yi ta juya ta: wa ke shiga ofishin, me ya sa ta sake waya, yaushe rabonta da gidan yayarta. Baba na zaune a kujerar baya yana kallon Mataimaki, Mataimaki na kallon takarda. Da Baba ya ga an fara tattara fayil, sai ya miƙe.

"Ranki ya daɗe," ya ce wa Shugaba, "a ba ni minti biyar da kwamfutar nan."

Aka ɗauko ta aka jona. Ya roƙi kowa ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya ce wa sakatariya ta buga duk abin da ta ga dama ta ajiye yadda ta saba. Ta buga layi ɗaya, ta ajiye. Ba a yi minti ɗaya ba wayar Mataimaki ta yi haske. Shugaba ta miƙa hannu, ya ba ta, ta karanta a fili: "Ban ci amanar makarantar nan ba."

Baba ya yi bayani a hankali, yadda yake yi wa sabon ɗalibi: abin da aka ajiye a nan yana zuwa duk wayar da ke ɗauke da wannan imel ɗin, har da wadda ke hannun 'yar Mataimaki a gida, daga can kuma ya bi wayoyin ƙawayenta. Sannan ya ƙara abin da babu wanda ya tambaye shi. "Kashi na farko na laifin nawa ne. Na san halin sabuwar kwamfuta, na bar ta ta wuce ba ta kwana a bencina ba." Sai a lokacin Mataimaki ya ɗago, ya faɗi sauran da bakinsa, ya nemi gafarar sakatariya a gaban kowa. Mu da muka yi ta ƙus-ƙus a ɗakin malamai, kunya ta hana mu haɗa ido da ita har mako ya ƙare.

Shugaba ta ce wa sakatariya ta karɓi makullinta ta koma aiki. Sakatariya ta ce ta gode, amma tana roƙon abu ɗaya: a rubuta mata a takarda. Baba ya ce in dai don tsohon ne, takarda ba za ta isa ba, tunda ba ya gani. Da aka tashi ya bi ta har gida, ya durƙusa a bakin gadon, ya gabatar da kansa, ya karanta wasiƙar Shugaba tun daga kwanan wata har sa hannu. Wadda ta ba mu labarin ta ce tsohon bai gane zancen imel da rumbun intanet ba ko kaɗan. Tambaya ɗaya ya yi: "Kai ka duba da idonka?" Baba ya ce, "Da idona, Baba." Sai tsohon ya juyo daga bango, ya lalubo hannun 'yarsa, ya riƙe.

Mun gode, Baba Dakata. Mun gode da shekara ashirin da biyu na karanta ƙananan rubutun da mu muke tsallakewa, da haƙurin jure dariyarmu, da tsayawar da ka yi ranar da zama ya fi sauƙi. Allah ya ba ka lafiya da hutu mai daɗi, ya sa 'ya'yanka su sami mai tsaya musu yadda ka tsaya wa 'yar wani.

Ku kuma masu karatu, kowane ofis yana da wanda ya fi kowa sauƙin ɗora wa laifi, kuma kun san shi. Ranar da abu ya lalace aka fara kallonsa, a samu mutum ɗaya a cikinku da zai tashi ya je ya duba da idonsa kafin a raba wani da aikinsa da sunansa.