Jan waken da Yaya Hamidu ke mayarwa ƙwarya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai Yaya Hamidu makwancinsa a Birnin Konni. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya koya mini lissafi a kwaleji, inda ƴan lakwal, wato ɗalibai, suka laƙaba masa Mai Wake. Kowace shekara addu'a nake yi masa da ƴar sadaka, in ja bakina. Bana na kasa yin shiru, domin darasinsa ya biyo ni har cikin gida.

Ƙwaryarsa ce ta jawo masa sunan. Ranar da zai koyar da yiwuwar aukuwar abu, ba ya fara taɓa alli. Sai ya zuba ƙwayar wake huɗu a ƙwarya, fari uku, ja ɗaya, ya rufe da faifai. Kowa ya sa hannu ya zaro ɗaya ba leƙe, a rubuta launin a allo, a mayar a girgiza. Wajen mayarwar nan yake da zafi. In ka riƙe waken sai ya ce, "Mai da shi. Ƙwarya ba ta san ka zaro ja ɗazu ba." Wani lokaci ja ya fito sau uku a jere, aji ya kaure, mu ce wayo aka yi mana. Sai mun cika allo da zane kafin mu ga rabon ja ya tsaya kusa da ɗaya cikin huɗu. Yakan ce lissafi yana faɗin abin da za a gani in an zara da yawa, amma bai yi wa kowa alkawarin zara ta gaba ba.

Ni dai na ci jarrabawa, na manta da zancen.

Ɗana Lawali yana tuƙa taksi tsakanin Dogarawa da Konni. Ɗiyarsa ta fari, Nana, shekararta uku, kuma tana da amosanin jini, wanda ake ce wa sikila. In ciwon ya tashi hannayenta kumbura suke yi, ko goyo ba ta yarda da shi. Da aka auna jinin Lawali da na matarsa Rakiya a Malbaza, aka ce dukansu suna ɗauke da irin cutar, kuma kowace haihuwa akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu.

Daga can ya zo wurina, fuskarsa a sake, rabona da in gan ta haka an daɗe.

"Inna, likita ya ce guda cikin huɗu na. To, gudan ta hito. Ukun da sunka rage lahiya lau za su zo."

Nan take na ga ƙwaryar a idona. Na san ya riƙe jan waken bai mayar ba. Amma na dubi farin cikinsa, na ce, "Allah shi sa." Iyakar abin da na ce ke nan, kuma ina jin kunyarsa har yau. Yanzu Rakiya tana da ciki wata takwas, Lawali kuma ya ce ba sai an auna jinin jaririn ba, tunda rabonsu ya riga ya fita. Nana kuwa sai da ta sha wuyar shekara guda ana ba ta jiƙe-jiƙen shawara kafin a gane ciwonta.

Da Yaya yana raye, da bai bari an kwana ba. Ba shi da lallashi, mutum ne da zai gyara maka kuskure ko a tsakiyar taron suna, kuma na sha jin haushinsa a kan haka. An taɓa ce masa yana jayayya da ƙaddara. Ya ce Allah ne ya halicci ƙwaryar da waken, sanin abin da ke ciki kuwa ba ya rage wa mutum tawakkali. Ban san me zai ce da ƙanwarsa ba, wadda ta san lissafin sarai ta ɓoye don kada ran ɗanta ya ɓaci.

Juma'ar da ta wuce na ƙulla wake huɗu a bakin gyalena, na tafi Dogarawa. Na ari ƙwarya wurin Rakiya, muka zauna a inuwar rumbu, Nana tana kwance a cinyarta. Na zuba waken, fari uku, ja ɗaya, na ce wa Lawali jan shi ne sikila. Lawali ya zara yana dariya, fari ya fito, ya mayar. Ya sake, fari. A na uku ja ya fito.

Na ce, "Mai da shi."

Dariyar ta ɗauke. Ya dubi waken, ya dubi cikin Rakiya. Rakiya ce ta ce a hankali in ta sauka za su kai jaririn a auna.

Yaya bai bar gida ba, bai bar littafi ba, ƙwaryar ma ta fashe tuni. Kalmomi ukun nan ne suka rage, kuma sai ranar na san nauyinsu, da suka fita daga bakina zuwa kan ɗana. Allah ya ji ƙan Yaya. Lawali dai bai mayar ba. Ya dunƙule hannu ya ce, "Inna, ki bar min shi nan tukuna, har ta haihu."