Katakan Baba Na'ibi

Mahaifina Na'ibi ɗan garin Mai Wurno ne, can ƙasar Sudan, amma teku ce ta raine shi. Yana da shekara goma sha biyar ya gudu Sawakin, can bakin teku, ya shiga sambuk, irin jiragen katakon nan masu tafiya da iska. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da manyan jirage suka yi wuyar gani, shi ne matuƙin wani sambuk mai kawo dawa Jidda. Da launin ruwa yake gane inda duwatsu suka ɓuya. Sau goma sha tara ya haye da kaya, ko buhu ɗaya bai jiƙa ba. Wannan labarin na ji shi har kunnena ya gaji.

Da yaƙi ya ƙare manyan jirage suka dawo, aka daina neman irinsu. A 1951 ya kawo mahaifiyata Larai unguwar Sa'alaba a Jidda, nan aka haife ni. Ya sami aiki a siton hatsi na wani attajiri, Abdulghani, a kasuwar Bab Makka, shi ne kuma kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma. A iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, aka rubuta masa "ɗan dako". Abin yana cin ransa, amma bai taɓa yin ƙorafi ba.

Baba yana da wata ɗabi'a da ta mai da shi abin dariya a kasuwa. Ba ya jera buhu a ƙasa. Sai ya je bakin teku ya kwaso katakan matattun jirage, ya kafa dandamali mai tsayin kamu guda, sannan ya ɗora alkama da dawa, ya bar 'yar hanya tsakaninsu da bango. Haka ake lodi a cikin sambuk, don ruwa ta ƙasa yake shigowa. To amma a Jidda, inda shekara kan wuce ba a ga ruwan kirki ba, kowa a kan daɓe yake zuba kayansa har rufi. 'Yan dako suka sa masa suna Rayyis, wato shugaban jirgi. In ya wuce sai su ce, "Rayyis, yaushe siton zai tashi zuwa Sawakin?" Tsoho Abdulghani dai dariya yake yi ya ƙyale shi.

Da tsohon ya rasu, ɗansa Hamad ya gaji sito da kafilci. Ya duba ya ga katakan suna cinye wurin buhu ɗari biyu, ga kayan aikin Hajji na tafe.

"Ya ammi, Baffa Na'ibi, ya isa haka, a fitar da itatuwan nan," in ji Hamad. "Nan ba jirgi ba ne."

"Ɗana, ni ban iya ajiye abincin mutane a ƙasa ba."

"To iƙamarka ƙarshen wata take ƙarewa. Ka yi tunani."

Ranar nan Inna ta yi faɗa kamar ta ari baki. Gaskiya ni ma haushinsa na ji. Ba mu da kowa a Mai Wurno, ni ko hanyar garin ban sani ba, ga shi za a kore mu saboda ruɓaɓɓen katako. Baba ya gama cin tuwonsa, ya wanke hannu, ya ce Allah na nan. Washegari ya je ya ɗora sabuwar alkama a kan dandamalinsa.

Saura kwana tara iƙamar ta ƙare, hadari ya haɗo da hantsi. Cikin awa uku lungunan Bab Makka suka zama rafi. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofofi, buhunan ƙasa suka sha suka kumbura, na sama suka rufto a kansu. Kwana biyu kasuwa ta ɗauki tsamin hatsi, har a Sa'alaba muna jin labarin warin. A siton Hamad ruwa ya shiga, ya tsaya saura yatsa uku ya taɓa buhu, sannan ya janye. Makon nan masu gidajen burodi a ƙofar siton da Baba yake suka yi layi, 'yan dakon da ke tsokanarsa kuma suka bazama bakin teku neman katako. Ban ɓoye ba, na yi murna har da 'yar mugunta.

Baba ya ci gaba da aiki a siton nan har 1974, ya rasu bayan shekara uku, a Jidda aka binne shi. Amma ranar da na fi tunawa ita ce wata Alhamis bayan ruwan, da la'asar. Hamad ya zo gidanmu da kansa, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, ya miƙa wa Baba sabuwar iƙama da hannu biyu. Baba bai iya karatun takardun hukuma ba, sai ya ba ni.

"Mastura, me aka rubuta a wurin sana'a?"

"Amin makhzan, Baba. Mai riƙon amanar sito."

Ya dubi Inna, ya gyara zama.

"Sake karantawa," ya ce. "Da ƙarfi, uwarki ba ta ji ba."